Sai a Littafi na Biyu: Tarihin Jiran Labari Tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma

Wata ranar Litinin da la'asar, cikin watan Oktoba na 2021, na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Dutsin-Ma, na sauka a bakin titin Kurfi. Sai na hangi ɗana na uku zaune kan benci tare da samari kamar goma, duk sun zuba ido arewa, inda motocin Katsina ke ɓullowa. Na tambaye shi ko baƙo za mu yi ban sani ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a Baba, direba muke jira. Tun da safe muka ba shi memori, zai sa a turo mana na jiya."

"Na jiya" ɗin nan sabon kashi ne na wani fim mai dogon zango da aka saki daren Lahadi. A lokacin an shiga wata na biyu da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Kurfi da Dutsin-Ma, saboda matsalar 'yan bindiga. Babu kira, babu saƙo, babu intanet. Mai son jin lafiyar ɗan'uwansa na nesa sai ya hau mota ya je inda sabis yake. A cikin wannan hali ne yara suka haɗa kuɗi, suka damƙa wa direba ɗan ƙaramin katin da bai kai farce ba, don ya kai shagon masu tura fina-finai a birni.

Raina ya ɓaci. Ana zaman ɗar-ɗar, magariba na yi kowa ya shige gida, su kuwa abin da ya dame su shi ne ko jarumi ya gane munafukin da ke tare da shi. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna cewa a wannan bakin titin, shekara talatin da suka wuce, ni ma na zauna jiran mota, kuma abin da nake jira bai wuce littafi mai bangon kwali ba. Na haɗiye faɗan na wuce gida. Tun ranar nake bin sawun wannan ɗabi'a: yaushe muka koyi jiran ci gaban labari, ta wace hanya labaran ke iso mana, kuma labarin wa muke jira?

Daga Ƙurunƙus Zuwa "Sai Gobe"

Tatsuniyar da kakanninmu suka yi mana ba ta kwana. In an ce "Ga ta nan ga ta nanku" aka amsa, to kafin barci ya ɗauki yaro Gizo ya gama ƙeta tasa, ya sha hukunci ko ya kuɓuta, an ce ƙurunƙus. Gobe akwai wata, amma ba bashin ta jiya ake biya ba. Labarin da ake yankewa a tsakiya da gangan, a bar mai sauraro da ƙishi, ya fi yaɗuwa a ƙasarmu ne ta hanyar littafi. Dare Dubu da Ɗaya, wanda malamai suka daɗe da sani da Larabci kafin a buga fassararsa ta Hausa, a kan wannan dabara aka gina shi kacokan: amarya tana tsayar da labari da ketowar alfijir, sarki ya ɗaga mata ƙafa don ya ji ƙarshe.

Ƙasar Katsina na da hannu babba wajen shigo da wannan salo cikin rubutun boko. A gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki. Tsakanin 1937 da 1939 Imam ya fitar da Magana Jari Ce cikin littattafai uku. Wanda ya karanta na ɗaya ya san aikin da aku ya yi: kullum dare sai ya tsare Musa ɗan sarki da labari, har gari ya waye bai fita ba, ga shi kuwa Waziri ya ɗana masa tarko a waje. A littattafan nan biyu, jinkirta ƙarshen labari rai yake ceta. Ban lura da wannan ba sai da na tsufa.

Rediyo ya zo ya ɗora. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, wasanni irin su Zaman Duniya Iyawa Ne, daga baya kuma Samanja Mazan Fama, suka koya wa mutanen karkara riƙe rana da sa'a saboda labari. A zauren gidanmu akwatin rediyo ɗaya ne. In batir ya yi sanyi mahaifinmu kan shanya shi a rana tun hantsi, don kada ya ba mu kunya da dare.

Shekarar Kumbo da Tauraruwa

Ranar 20 ga Yuli, 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa a Nijeriya, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a kan wata. Labarin bai tsaya a bakin 'yan boko ba. Mamman Shata, mutumin Musawa, maƙwabciyarmu, ya yi wa kumbon Afolo waƙa. Ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a shekarar ma sunan kumbon aka laƙaba masa, shi ya sa har gobe in idon yaro ya yi ja yana kwantsa sai a ce afolo ce. Bahaushe ya ji an je sama, ya shigar da zancen cikin kalangu da cikin sunan cuta.

A wannan shekarar ce kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin yaro ne mai suna Kilba, wanda ya yi abota da wata halitta daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya shiga jirginta ya ga abin da mutanen garinsu ba su taɓa gani ba. Kafin shi muna da labaran ban al'ajabi da yawa: Ganɗoki ya yi yaƙi a ƙasar aljannu, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya yi abin da ƙarfin mutum ba ya yi. Amma a can tsafi da aljani da baiwa ne ke ɗaukar jarumi. A littafin Dembo na'ura ce ta ɗauke shi. Shi ya sa manazarta ke lissafa shi a sahun farko na ƙagaggen labarin kimiyya a Hausa.

Ni ban gamu da littafin ba sai 1986, ina ɗan shekara goma sha biyu, muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, saura shekara guda a ƙirƙiro ta Katsina. Malaminmu na Hausa yana da kwafi ɗaya, bangonsa ya sha ɗinki da zare. Yakan karanta mana shafi uku ko huɗu a ƙarshen darasi, ya rufe daidai inda numfashinmu ya tsaya, ya ce, "Sai Laraba." Ko mun roƙe shi ba ya ƙara layi ɗaya. Ikon Allah, a watannin nan ne tauraruwa mai wutsiya ta gaske, wadda Turawa ke kira Halley, ta kewayo. Malamin ya gaya mana cewa kusan duk bayan shekara 76 take zuwa, zuwanta na baya a 1910 ne, kuma wanda ya tashi kafin asuba ya dubi kudu maso gabas zai iya ganinta.

Na tashi. Kakata ta ji motsin ƙyaure ta fito da fitila ta ce, "Kai maigidan, ina za ka cikin daren nan?" Na gaya mata. Ta yi salati ta ce, "Mi kake nema da ita? Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba." Ta ba ni labarin cewa uwarta ta ga ta farkon tana budurwa, wutsiyarta ta ratsa sama kamar an shimfiɗa sawaye, ba a yi shekara huɗu ba aka faɗa yunwar Kakalaba. Duk da haka ba ta koma ɗaki ba. Muka tsaya bayan danga ni da ita, har na hango wani ɗan farin tabo kamar an shafa toka da yatsa. Ta ce, "Wannan ce? Ashe ita ma ta tsufa." A watan nan na Maris wani kumbon Turai mai suna Giotto ya ratsa kusa da ita ya ɗauko hotonta. Mu abin da muka samu ke nan, tabon toka.

Da malam ya kai ƙarshen littafin, tambayar da muka yi masa baki ɗaya ita ce yaushe za a fara na biyu. Ya ce shi dai wannan ne a hannunsa. Ban yarda ba. Ranar Laraba, ranar kasuwar Dutsin-Ma, na bi wani kawuna mai sayar da awaki, na je wurin mai baza littattafai a tabarma, tsakanin Ƙawa'idi da Ishiriniya da kalandu. Ya dube ni ya ce, "Yaro, wannan ba shi da ƙane." Na koma wajensa ya fi sau biyar a shekarar, ko da an kawo bai sani ba. Jirana na farko ke nan, kuma har yau bai ƙare ba.

Zamanin Ɗaya, Biyu, Uku

Abin da ban samu a wajen Dembo ba, kasuwar Kano ta ba ni har ya ishe ni. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara masu iya karanta Hausar boko. Da suka girma, sai tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga labarai. Marubuta suka shiga buga wa kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Wannan ne aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano.

Raba littafi kashi-kashi a wannan zamani dabarar talaka ce kafin ta zama dabarar adabi. Marubuci ba shi da jarin buga shafi ɗari uku a tashi ɗaya, mai saye ma ba shi da kuɗin saye. Sai a buga siririn littafi na ɗaya, a kai wa dillalai, in kuɗi ya dawo a buga na biyu da shi. Don haka dole marubuci ya yanke labari a inda zai yi ciwo, domin ƙishin mai karatu shi ne jarinsa. In na ɗaya bai karɓu ba, na biyu ba zai ga rana ba. Akwai jarumai da yawa da aka bari a bakin ƙofar kotu ko a gadon asibiti, har yau suna can.

Littattafan kan taso daga Kano su biyo ta Kankiya zuwa Dutsin-Ma, daga nan su ƙaraso Kurfi a jakar ɗan kasuwa ko ta ɗalibi. Masu haya suka buɗe teburi: ka ba da 'yan sulalla ka kwana da littafi, gobe ka mayar. A cikin gidaje kuwa yara ne 'yan aike, a ƙarƙashin faifan tuwo ake ɗaukar littafi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Wadda ta iya karatu ta karanta a fili, sauran suna tsinkar zogale suna saurare, a yi ta gardama a kan wanda ya kamata yarinya ta aura. Mu samari, bayan na soyayya, littattafan yaƙi muka fi bi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu sadaukai da matsafa da takubba, waɗanda sukan kai kashi huɗu ko biyar. Zaman da na yi a bakin titi, wanda na tuna a 2021, na jiran irin waɗannan ne. Sai dai a duk tulin nan ban ci karo da wanda ya koma sama da na'ura ba. Aljani ya dawo ya karɓe fagen da Kolin Koliyo ya buɗe.

Jadu Ya Sauka a Gidan Kallo

Kumbo ya dawo mana ne ta Indiya. Fina-finan Indiya sun daɗe a ƙasar Hausa, tun zamanin silimun Kano da Kwarori suka gina, amma garuruwa irin namu sai da bidiyo da janareto suka zo muka samu rabonmu. A 2003 Rakesh Roshan ya fitar da Koi Mil Gaya, ɗansa Hrithik Roshan ya fito a matsayin Rohit, saurayi mai ƙwaƙwalwar yara, wanda ya yi abota da wata shuɗiyar halitta daga sama mai suna Jadu, mai samun ƙarfi daga hasken rana. Na kalle shi a wata rumfar zana a Dutsin-Ma, kan benci, hayaƙin janareto na shigowa. Mutane na share hawaye lokacin da Jadu zai koma gida, ni kuwa wani abu ne daban ya tokare ni. Yaro da baƙo daga sama: ai na san wannan labarin. Dembo ya riga su da shekara 34. Ya ma riga E.T. na Amurka, wanda ya fito a 1982, da shekara 13.

Bambancin shi ne nasu ya haihu. A 2006 aka yi Krrish, labarin ɗan Rohit da ya gaji baiwar ubansa. Yara suka shiga yanka kwali suna shafa masa baƙin tukunya su ɗaura a fuska. Aka jira shekara bakwai kafin Krrish 3 ya fito a watan Nuwamba na 2013. Sunan ya jawo rigima a shagunan faifai, domin mutane sun dage sai an ba su na biyu da aka tsallake, alhali babu fim mai wannan suna: masu shi sun ƙirga Koi Mil Gaya a matsayin na ɗaya. Na ga wani dattijo ya rantse cewa mai shago ɓoye shi ya yi don ya ƙara kuɗi.

A shekarun nan ne kuma sana'ar fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa ta bunƙasa a Kano, kamfanoni irin su Algaita suka sa jaruman Mumbai suna magana da karin Kananci. Faifai ya ba waya wuri, shagunan turi suka maye gurbin masu hayar littafi, a kan teburi iri ɗaya, wani lokaci ma a rumfa ɗaya. Da Baahubali ya fito a 2015 ya ƙare da bawa mai amana ya soke ubangidansa, kusan shekara biyu aka yi ana muhawara a teburin mai shayi a kan dalilin Kattappa, har na biyu ya zo a watan Afrilu na 2017. Krrish na huɗu kuwa ya zama abin zolaya. Duk 'yan watanni sai wani ya zo da hoton bogi a waya ya ce ga shi ya fito. A 2025 aka sanar cewa Hrithik da kansa zai ba da umarninsa. Ɗalibaina da suka kalli na uku suna firamare, yanzu wasu sun yi aure, kuma har yau in an taɓo zancen sai ka ga idonsu ya yi haske.

Abin da Direba Ya Kawo

In koma ga ranar Litinin ɗin can. Tun daga 2020 fina-finan Hausa masu dogon zango, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, suka mayar da jira na mako-mako. Da aka katse sabis, mai tauraron ɗan'adam da wuta yana iya kama abin da ake nunawa a Arewa24, amma abin da ake saki a YouTube sai an je an ɗauko. Hanyar da ta ɗauko mana littafi a jaka ita ce ta koma ɗauko fim a aljihun direba. Haka aka yi ta yi har wajen ƙarshen shekarar, da aka maido da layukan.

Daren nan na leƙa zaure na tarar da su su bakwai sun kewaye waya ɗaya, an rage sauti saboda dare. Da kashin ya ƙare aka rubuta za a ci gaba, sai na ji ɗayansu ya ce, "Allah ya kai mu Lahadi." Sauran suka ce amin. Na sha jin wannan addu'a, amma ban taɓa jin nauyinta kamar ranar ba. A garin da ake kwana da takalmi kusa da kai, yaro ya sa wa ransa cewa akwai Lahadi mai zuwa, kuma yana da abin yi a cikinta. Sai na tuna aku da Musa. Labari ya tsare yaran nan a zaure, ya ba su dalilin ƙirga kwana gaba, a lokacin da manya ke ƙirga waɗanda aka rasa.

Wannan ya sa na daina raina jira. Amma ya bar ni da wani ciwon. In yaranmu za su yi mafarkin soyayya ko sarauta ko rikicin gado, suna da masu ba su labari da harshensu. In kuwa za su yi mafarkin gobe mai nisa, ta na'ura da taurari da abin da ilmi zai mayar da ɗan'adam, sai sun jira Mumbai ko Amurka. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kimiyya da Turanci ake koyar da ita, adabi da Hausa, sai masu ilmin biyu suka tashi ba sa shiga rumfar juna. Kasuwar littafi ta bi abin da ke saurin dawo da kuɗi. Fim ɗin kumbo kuma yana son jarin da masu shirya fim ɗinmu ba su da shi. Ƙalilan da suka gwada ba su sami masu ɗora musu ba. To amma alƙalami ba ya bukatar wannan jari, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Yau a Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita. Mai nazarin taurari da lissafi da mai nazarin Hausa suna cin abinci a rumfa ɗaya, suna hawa mota ɗaya zuwa Kurfi. Yaron da ya ga yadda ake tare ruwan Karaduwa a madatsar Zobe, ya ga an kashe wa gari sabis an kunna, ba zai rasa abin tambaya game da shekara ɗari masu zuwa ba.

Bayan kwana biyu na buɗe akwatina na ɗauko kwafin Tauraruwa Mai Wutsiya da na saya a Zariya ina ɗalibi, na ba ɗana. Ya juya shi yana murmushi, don bai kai kaurin littafin lissafinsa ba. Da safe ya same ni ina alwala, ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce, "Baba, na gama. Ina na biyun?"

Na ce masa babu. Ya ce, "Tun 1969?" Na ce tun 1969. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni yaushe tauraruwar za ta dawo. Na ce masana sun ce 2061. Ya ƙirga da yatsu, ya ce lokacin yana da shekara hamsin da biyar. Ni ban ƙirga nawa ba. Na dai ce masa in Allah ya kai shi, ya tashi kafin asuba, ya tashi jikokinsa, kuma kada ya je musu hannu rabbana. Bai mayar mini da littafin ba, ni ma ban tambaya ba.